Motar zango muna da ita, amma tafiyar kwanaki da yara ce ta tsaya mini a rai

Maman_Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya taɓa yi ya gaya mini gaskiyar abin da ya gani.

Shekara biyu ke nan da muka sayi motar zango, irin mai gadaje da ɗan kicin da banɗaki a ciki. A kudancin Ingila muke, kuma duk yawon da muka yi da ita bai taɓa wuce na awa huɗu ba. Bana maigida ya ƙwallafa rai sai mun kai ta kudancin Fotugal, yankin Algarve, a hutun makaranta na watan Agusta. Ni ma ina son wurin, hanyar ce ba na so. Daga Calais a gaɓar Faransa zuwa Faro da ke Algarve ya haura kilomita 2,000, shi kuma hutunsa mako biyu ne kacal. Yaranmu uku: mai shekara 9, mai shekara 5, sai auta mai wata 14.

A watan Afrilu mun yi tafiyar awa huɗu. Ba mu yi rabi ba mai shekara 5 ɗin ta yi amai sau biyu, autan kuma ya yi ta kuka a kujerarsa har muryarsa ta dushe. Ina zaune a baya, hannu ɗaya a ƙirjin wannan ina jijjiga shi, ɗaya riƙe da leda a bakin waccan. Da muka isa ba wanda ya iya cin abinci. To in awa huɗu ta yi mana haka, ina ga kwanaki?

Akwai dabarar da za a yi motar ta isa can, mu ma mu isa, ba tare da yaran sun yi kwana da kwanaki a ɗaure a kujera ba?

Direban_Tirela:
Wa alaikumus salam Hajiya. Tuƙi ne sana'ata, bari in yi miki lissafin yadda muke yi, ki nuna wa maigidan.

Abin da taswirar waya take nunawa na ƙaramar mota ne wadda ba ta tsayawa. Motar zango tana da nauyi, iska tana tura ta, ga shan mai, ga tsayawa biyan kuɗin hanya. In kun yi kilomita 80 a kowace awa a jimlace kun yi ƙoƙari. Ku raba nisan da 80, awa 27 ke nan ko kusa da haka, tuƙi zalla. Mu da muke manyan motoci a Turai, doka ta ce in ka yi awa 4 da rabi dole ka huta minti 45, kuma a rana awa 9 ne ƙa'ida. Ke nan ni kaina, ba yaro ba mata, kwana uku zan yi. Ku da jariri ku sa huɗu. Huɗu zuwa, huɗu dawowa, takwas sun tafi cikin sha huɗu. Saura shida, a ciki ma ranar farko barci za a yi.

Abu_Yasmin:
Maman Hanif, me ya sa za ku ratsa Faransa tun farko? Ku hau jirgin ruwa da motar. Kamfanin Brittany Ferries yana tashi daga Portsmouth zuwa Santander da Bilbao, daga Plymouth kuma zuwa Santander, duk a arewacin Sifaniya. Na Plymouth kusan awa 20 ne, na Portsmouth ya fi tsawo, wani ma sai an kwana biyu a ruwa. Kuna sauka kun tsallake Faransa gaba ɗayanta. Daga Santander zuwa Faro kusan kilomita 1,000 ne, ku bi ta Salamanca da Cáceres da Mérida har Seville, sannan ku yi yamma. Yawancin wannan hanyar ba a biyan kuɗi.

Mun yi da yara biyu. Muka kama ɗaki mai gado huɗu da taga, suka yi ta zirga-zirga a jirgin, suka yi wanka, suka yi barci a miƙe. Ni ma na sauka da ƙarfina.

Anti_Rabi:
Abu Yasmin, ka faɗi daɗin, ba ka faɗi ɗaya gefen ba. Yarinyar da ta yi amai a tafiyar awa huɗu a kan kwalta, ita za a ɗora a kan tekun Biscay? Wannan tekun an san shi da igiyar ruwa. Ni na bi shi a watan Oktoba, tun tsakar dare jirgin ya fara tangaɗi, kofuna suna zamewa daga tebur, ɗana ya kwanta a ƙasan ɗaki ya ƙi tashi har washegari da la'asar. A mota in abu ya yi tsanani sai ka faka a gefe. A tsakiyar teku ina za ka faka?

Abu_Yasmin:
Gaskiya ne Anti, amma Oktoba daban, Agusta daban. Da rani ruwan ya fi kwanciya, ko da yake ba wanda zai ba ki tabbas. Kuma a kama ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, nan ne motsin ya fi sauƙi.

Ummu_Safiyya:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in ɗan sa baki a kan amai. Abin da ke kawo shi, ido yana ganin abu a tsaye, kunnen ciki kuma yana jin motsi, sai ƙwaƙwalwa ta rikice. Shi ya sa kallon waya ko littafi yake ƙara shi, kuma shi ya sa kujerar baya ta motar zango ta fi muni, don yaro ba ya hango titi, ga lilo da bayan motar yake yi. Kwanciya a miƙe da rufe ido yana taimakawa sosai, wanda a jirgi ana iyawa, a mota kuwa ba hali. Don haka ba lallai ne abin da ya faru a mota ya maimaitu a jirgi ba. Akwai magunguna, amma kowanne da shekarun da aka yarda a ba yaro, ki tambayi mai kemis da shekarun 'yar a bakinki, kada ki ba ta na yayanta.

Autan ne ma ya fi damuna. Shawarar da ake bayarwa ita ce kada jariri ya wuce awa biyu a kujerar mota ba a ciro shi ya miƙe ba. Ku sa wannan cikin lissafin Malam direba.

Bakon_Hanya:
Mafi sauƙi: Baban yara ya tafi da motar shi kaɗai, ke da yara ku bi jirgin sama. Daga Landan zuwa Faro bai kai awa uku ba. Ya riga ku tashi da kwana uku, ya tarbe ku a filin jirgi da motar, kujerun yara suna ciki a ɗaure. Haka muke yi duk shekara.

Maman_Hanif:
Na gode ƙwarai. Bakon Hanya, wannan ta zo mini a rai, sai dai kwanakin hutunsa su ne dai za su tafi a hanya, mu ne kawai muka tsira. Kuma in yara suka yi kwana uku ba shi a farko, uku a ƙarshe, to hutun iyali ne ko rabin hutu?

Direban_Tirela:
Ƙari a kan wannan, tuƙi kai kaɗai da motar Ingila a ƙetare ba wasa ba ne. Sitiyarinka yana dama, su kuma a hannun dama suke tuƙi. Duk na'urar biyan kuɗin hanya tana gefen hagu. Na sha ganin mutum ya ja burkin hannu, ya kwance bel, ya rarrafa ta kan kujerar fasinja yana miƙa kati, motoci sun yi layi a bayansa. In zai yi, ya nemi ɗan na'urar nan da ake liƙawa a gilashi, shingen ya buɗe da kansa. Wajen wuce babbar mota ma ba ya ganin gaba sosai, ba mai duba masa.

Kuma ya auna tsayin motar. A Faransa in mota ta wuce mita 2 ta bar ajin ƙananan motoci ta koma aji na 2, in ta kai mita 3 ko ta wuce tan 3 da rabi ta shiga aji na 3, kuɗin ya yi sama.

Hajjo_M:
'Yar uwa, ni na yi abin da Bakon Hanya ya faɗa, da yara uku kamar naki. Ba zan ce miki da sauƙi ba. Goyo a gaba, jaka a baya, keken jariri a naɗe a hannu, ta tsakiyar kuma sai a layin bincike ta ce fitsari. Amma wahalar awa shida ce daga ƙofar gida zuwa inda babansu yake tsaye, ta wuce. Babbar 'yata ta riƙe hannun ƙanwarta tun daga farko har ƙarshe, na ga girmanta a ranar.

Abu ɗaya: ki tafi da takardar amincewa mai sa hannun babansu, da kwafin takardun haihuwa, musamman in sunanki na ƙarshe ba ɗaya ba ne da nasu. An tambaye ni a kan iyaka, na ciro, aka duba aka ce in wuce. Kuma wanda fasfonsa ba na Birtaniya ba ne a gidan, a duba maganar bizar Schengen ta shiga waɗannan ƙasashen Turai tun yanzu, don da rani samun ranar ganawa wuya yake.

Baba_Mai_Zango:
'Yata, ni tsoho ne a wannan harka, tun 'ya'yana suna ƙanana nake jan su a irin wannan motar, yanzu jikoki nake ja. Ina ganin kun ɗauki abin ta bai. Motar zango ba don ta kai ka wuri aka yi ta ba, ita ce wurin. Wanda yake son ya buɗe ido ya gan shi a bakin tekun Algarve, jirgin sama da otal ne nasa. Mai motar zango kuwa awa biyu zai yi ya tsaya, yara su yi wasa a bakin kogi, a kwana, gobe a ƙara biyu. Faransa cike take da wuraren da ƙananan hukumomi suka ware don irin motocinmu, da famfo da inda za a zubar da ruwan datti. In mako biyu kuke da shi, ku zana da'irar da mako biyu zai iya ɗauka. Fotugal ba gudu za ta yi ba.

Maman_Hanif:
Baba na ji, kuma maganarka ta shige ni. Sai dai ban faɗi wani abu ba tun farko. Maigidan ya yi shekara biyu yana gyaran motar nan da hannunsa a ƙarshen mako, shi ya sa mata faifan sola, shi ya yi wa yara gadon sama. Tun ranar da ya kawo ta gida hoton wani bakin teku na can yake liƙe a jikin firij ɗinta. In na ce masa a fasa, zai ce to, amma na san abin da zai ji. Shi ya sa nake neman hanyar da ba sai an fasa ba.

Dan_Sauri:
To ku yi tafiyar dare mana. A kwantar da yara a gadajensu bayan isha, ku biyu ku riƙa karɓeɓeniya, kafin su farka kun ci kilomita 800. Dare biyu da ɗan abu kun isa.

Ummu_Safiyya:
A'a Dan Sauri, don Allah kada wani ya karanta wannan ya yi aiki da shi. Ba a barin yaro a gado mota tana tafiya. Burki ɗaya mai ƙarfi, yaron da ke gadon sama zai taso har gilashin gaba. Kowa sai a kujera mai bel, yara a kujerunsu na yara. Doka ce, kuma ko ba doka ba, rai ne.

Direban_Tirela:
Ta faɗa maka gaskiya. Littafin dokokin hanya na Birtaniya ma ya ce a guji doguwar tafiya tsakanin sha biyun dare da shidan safe, don lokacin ne barci yake sace direba, kuma a huta aƙalla minti 15 duk bayan awa biyu. Ni na san yadda ƙarfe huɗun asuba take a kan titi miƙaƙƙe. Ido a buɗe, amma ba ka tuna kilomita goman da ka wuce. Uban da ya kwana yana tuƙi kuma, da safe yara sun farka da ƙarfinsu, wa zai kula da su?

Dan_Sauri:
Na karɓa. Ban yi tunanin gadon sama ba. Allah ya kiyaye.

Maijidda_K:
Ba wanda ya kawo maganar haya. Ku bar taku a gida, ku duka biyar ku hau jirgin sama, ku karɓi motar haya a Faro ko Lisbon ko Seville. Kwana goma sha huɗun duka naku ne. In kun haɗa kuɗin mai zuwa da dawowa, da kuɗin hanya, da na tsallake ruwa, da kwanan hanya, ku kwatanta da haya da tikiti, za ku ga tazarar ba ta kai yadda ake zato ba, ko da yake Agusta ce mafi tsada a shekara.

Amma ki karanta ƙananan rubutun. Mu mun sha mamaki a wani kamfani. Kuɗin jingina mai yawa suka riƙe a katin bashi, kuma ba su karɓi katin cire kuɗi na yau da kullum ba. Zanen gado da tukwane da kujerun waje kowanne da kuɗinsa daban. Karɓar mota sai da yamma, mayarwa kuma da safe, ke nan kwana biyu sun gutsure. Wurin karɓar ma ba a filin jirgi yake ba, sai da muka ɗauki tasi. Da muka dawo da ita suka nuna wani ƙarce a saman rufi suka ce mu ne, ba mu da hoton da za mu musa. Ki ɗauki bidiyon motar ciki da waje har rufi kafin ki motsa ta.

Abban_Biyu:
In ƙara a kan na Maijidda: a duba yawan kujeru masu bel, ba yawan gadaje ba. Akwai motar da za a rubuta tana kwanar da mutum shida amma bel huɗu gare ta, ku kuma biyar ne. Kujerar da take kallon gefe ba a ɗaura kujerar yaro a kanta. Ki tambaye su a rubuce ko akwai maƙalan ISOFIX na ɗaura kujerar yaro, kuma guda nawa. A Sifaniya da Fotugal yaron da bai kai santimita 135 ba yana buƙatar kujerarsa, don haka ki auna mai shekara 9 ɗin ma.

Sai nauyi. Lasisin ƙaramar mota iyakarsa kilo 3,500, sai wanda ya ci jarrabawarsa a Birtaniya kafin 1997, shi yana da izinin har tan 7 da rabi. Wannan ya shafi taku ma. Mutum biyar, kekuna, tankin ruwa lita 100 wanda shi kaɗai kilo 100 ne, ba ku ankara ba kun wuce. Ku kai ta sikeli a cike kafin tafiya.

Maman_Hanif:
Tamu bel biyar gare ta, shi ya sa muka zaɓe ta. Sikelin ne ba mu taɓa zuwa ba. Na rubuta.

Sani_Jirgi:
Ba a ɗora mota a jirgin ƙasa ne a can? Mu a Amurka akwai Auto Train na Amtrak, daga Lorton a Virginia zuwa Sanford a Florida, mil 855, ka shiga da yamma ka sauka da safe da motarka. Na ɗauka Turai ta fi mu irin wannan.

Abban_Biyu:
Da akwai, amma ya ja baya. Faransa ta rufe nata a ƙarshen 2019. Jiragen dare na Ostiriya suna ɗaukar motoci a wasu hanyoyi, Finlan ma tana da masu zuwa Rovaniemi da Kolari, amma ba ɗaya da ya nufi Fotugal, kuma tsayin motar zango yakan fi ƙarfin taragon. Ko naku na Amurka iyakarsa inci 85 ne, wato mita 2 da 'yan santimita, babbar motar zango ba ta shiga. Wanda zai ɗauke su shi ne na ƙarƙashin teku daga Folkestone zuwa Calais, minti 35, kuna zaune cikin motarku. Amma wannan ruwan kawai ya tsallakar da su, kilomita 2,000 ɗin suna nan.

Hadiza_Lami:
Tunda an zo maganar wasu ƙasashe, a Ostireliya da Niyu Zilan kamfanonin haya suna neman wanda zai mayar musu da mota daga gari zuwa gari kusan kyauta. A Turai ma ana samu. Ko zai yi musu?

Maijidda_K:
Ba zai yi ba Hadiza. Kwanaki ƙalilan ake ba ka ka kai ta, ke nan gudun da take gudu shi za ta tarar. Na marasa yara ne.

Anti_Rabi:
Ni fa har yanzu ba a taɓo abin da ya fi tsaya mini ba. Agusta. Hanyar da Abu Yasmin ya zana, ta yankin Extremadura na Sifaniya zuwa Seville, tana cikin wurare mafi zafi a Turai, ma'auni yana haura 40 a wannan watan. Na'urar sanyaya mota tana aiki ne in inji yana kunne, kuma gaba take hurawa, na baya sai abin da ya iso. Kuna kashe inji akwatin ƙarfe ne a rana. Sola ba za ta ja na'urar sanyi dare guda ba. Jariri mai wata 14 ba zai ce miki yana jin ƙishi ba. Bakin tekun Algarve ya fi sauƙi saboda iska, amma sai an ratsa wutar kafin a kai, a dawo kuma a sake ratsawa.

Abu_Yasmin:
Anti ta kawo magana. To ga wata: ku hau jirgin ruwan, ku sauka Santander, ku ƙi yin kudu. Arewacin Sifaniya kore ne shar, Cantabria da Asturias da Galicia, da rani ba ya ƙuna. Awa biyu daga tashar jirgin kun shiga duwatsun Picos de Europa. A Fuente Dé akwai keken igiya da ke hawa da mutane kan dutse cikin 'yan mintuna, ɗana har yau yana maganarsa. Bakin teku kuma ga shi nan birjik. In maigidan Fotugal yake so ya taka da motarsa, ku bi gaɓa sannu a hankali ku gangara ta Galicia, kuna tsallake kogin Minho kun shiga arewacinta. Ba Algarve ba ce, amma Fotugal ce.

Baba_Mai_Zango:
Yawwa. Wannan ita ce da'irar da nake nufi. Ka yi magana, yaro.

Bakon_Hanya:
Ni dai ban yarda ba. Mutum ya ce Algarve yake so, a ce masa ga arewa. Ruwan tekun arewa sanyi gare shi, kuma ana iya yi muku ruwan sama kwana uku a jere a tsakiyar Agusta. Yara uku a cikin mota ana ruwa a waje, ku tambayi wanda ya gani. A haɗa biyun mana: shi ya bi jirgin ruwa da motar, daga Santander kwana ɗaya da rabi ya isa Faro, ba ya ratsa Faransa, ita da yara su zo ta sama. Zafin hanyar shi kaɗai zai sha.

Hajjo_M:
Ko ya tafi da babban. Mai shekara 9 zai iya, zai ma ji daɗi a ce shi ne abokin tafiyar babansa, shi ne mai miƙa kati a gefen hagu. Ke kuma biyu sun fi uku sauƙi a filin jirgi.

Malam_Nura:
Ko ta wace hanya motar ta bi, ga abubuwan da suka kama ni ban shirya ba. A jirgin ruwa ana rufe tukunyar gas, kuma ba a barin kowa ya koma wurin motoci sai an isa, don haka firij zai yi awanni a kashe, kuma duk abin da yara za su buƙata, kunzugu, madara, magani, kayan barci, a haɗa shi a jaka ɗaya a hau da shi. Tun 2021 ba a shiga Tarayyar Turai daga Birtaniya da nama ko madara da dangoginta, sai abincin jarirai daidai gwargwado, kada ku cika firij a banza. Tukunyar gas ta Ingila ba a musanya ta a can, kan ma ba iri ɗaya ba ne, ku tafi da cikakku. Sitikar UK a bayan mota dole ce a Sifaniya ko da lambar motar tana da alamar. Takardar mallakar mota ta asali, da inshora, a duba kwana nawa ta yarda a yi a waje.

A Fotugal kuma ba a kwana inda aka ga dama kamar da. Tun 2021 suka tsaurara. A wuraren da aka keɓe don kare muhalli da yawancin bakin teku an hana kwana a mota sai a wurin da aka tanada, kuma gaɓar kudu maso yamma kusan duk gandun da aka kare ne. In hoton da ke jikin firij ɗin na mota ce ita kaɗai a kan dutse tana kallon teku, to a san cewa yau tara ake ci a kan haka. Ku kama wuri a sansani tun yanzu.

Sani_Jirgi:
Wani abokina a can yake barin tasa, a wurin ajiya kusa da filin jirgi, duk hutu sai ya tashi ya same ta. Sau ɗaya kawai aka sha wahalar kai ta.

Malam_Nura:
Da lambar Ingila ba zai ɗore ba. Motar waje tana da iyakar watannin da za ta zauna a ƙasa, kusan shida a shekara, kuma gwajin lafiyar mota na shekara-shekara sai a Birtaniya ake yin sa. Sai dai in rajistar can zai yi mata, wannan kuma wani dogon zance ne.

Maman_Hanif:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya da yara suka yi barci na miƙa masa wayar ya karanta tun daga sama. Ya daɗe a kan lissafin Malam direba, ya ɗauko biro ya sake yi da kansa a bayan ambulan, ya samu abin da aka samu. Ratsa Faransa da yara dai ya fita, wannan mun gama. Haya kuma ya ce a'a, da tasa yake son zuwa, ban ja ba.

Inda muka tsaya: shi yana son na Bakon Hanya da gyaran Hajjo, ya bi ruwa da babban, ni in bi sama da ƙananan. Ni kuma zuciyata ta fi karkata ga na Abu Yasmin, mu shiga jirgi ɗaya mu biyar mu tsaya a arewa, Algarve a bar ta sai hutun Ista lokacin da ba zafi. Na duba, ɗakunan jirgin na Agusta sun fara ƙarewa, don haka ba mu da lokaci mai yawa. Ya fita yanzu da tef zai auna tsayin motar har da sola, don sai da shi ake kama wuri.

Anti_Rabi:
Kafin ku biya, ki gwada 'yar a ƙaramin jirgi. Dover zuwa Calais awa ɗaya da rabi ne, ku je ku dawo a ƙarshen mako, ki ga yadda cikinta zai yi.

Bakon_Hanya:
Wannan ba zai nuna komai ba Anti, mashigin Dover ba Biscay ba ne. Kuma hutun Ista mako biyu ne shi ma, nisan bai ragu ba. Tambayar nan za ta sake dawowa a watan Maris.

Ummu_Safiyya:
Maman Hanif, in kin tsayar da na ruwan, ki tambaya ko suna ba da gadon jariri a ɗakin, kuma ɗakin gado huɗu ya halatta ku biyar ko sai kun kama biyu. Abu Yasmin, ku da kuka je, ɗakin naku zai ɗauki gadon jariri a tsakanin gadajen?

Abu_Yasmin:
Namu dai matsattse ne, in aka sa shi ba na jin ƙofar banɗaki za ta buɗu sosai. Amma jiragen ba iri ɗaya ba ne. Ki faɗa mini ranar da kike dubawa da tashar da za ku tashi, in duba miki wane jirgi ne a ranar.